Yarona shekara uku ba ya magana, likita ya ce autism ne, a gida kuma kowa da nasa dalilin

Maman Sadiq, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, abin ne ya daɗe yana cina a rai kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ba tare da ya ƙara min wani ciwon kan ba. Yarona Sadiq shekararsa uku da wata huɗu har yau ba ya magana. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da yana yi fa, yana da shekara ɗaya da 'yan watanni yana cewa Baba yana cewa ruwa, in babansa zai fita kasuwa har hannu yake ɗaga masa, kawai wajen shekara ɗaya da rabi sai komai ya ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta. Yanzu ko sau goma ka kira sunansa ba zai waiwayo ba, amma ki buɗe ledar biskit a kicin sai ki ganshi a gabanki, to kin ga ba za a ce kurma ba ne. Aikinsa kenan jera marafen kwalbar lemo daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado, in tsautsayi ya sa kika taka ɗaya ranar sai maƙwabta sun leƙo. In an tada janareta a gidan sai ya toshe kunne ya shige bayan labule. In yana son ruwa ba ya nunawa da yatsa, hannuna yake kamawa ya ja ni ya ɗora a kan bokiti ko fuskata ba ya kallo.

Watan jiya muka je asibiti likita ya ce autism ne, wanda nake ji a rediyo suna ce wa galahanga. Tun daga ranar gidanmu ya zama majalisa. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Funtuwa ta ce shafar aljanu ce, wai da ina da cikinsa ina yawan fita da magariba kuma ta sha gani ina zubar da ruwan zafi a makwarara ba bisimilla. Maƙwabciyata Bayarabiya ta ce waya ce na saba masa da ita, kuma gsky ina ba shi katun in zan yi girki. Yayata ta ce yare ne ya yi masa yawa, Hausa a ɗaki Yarbanci a tsakar gida Turanci a talabijin. Shi kuma maigidan wani bidiyo ya gani a WhatsApp, ya ce allurar rigakafi ce tunda an yi masa ta ƙyanda ta biyu yana wata goma sha biyar kuma ba a jima ba ya daina magana. Yanzu ƙanwarsa tana wata takwas, wata mai zuwa za a yi mata ta ƙyanda, ya ɗauke katin ya kulle a jakarsa. Ni dai wlh na rasa ta cewa, uku daga cikin huɗun nan ni suke nunawa. Wanda ya san gaskiyar abin nan don Allah ya taimaka min.

Abu Hanif, Mile 12:

Wa alaikumus salam Maman Sadiq, Allah Ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne, albasa nake sayarwa, amma ni kam ina bayan maigidanki. Ba rami me ya kawo zancen rami? Mu da muka tashi a Kano ba mu manta 1996 ba lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200, 11 suka rasu wasu suka nakasa, sai 2009 aka daidaita da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To wa zai zo yanzu ya ce min kar in yi zargi. Kuma a ƙauyenmu da can wa ya taɓa jin wani autism? Sai yanzu da allurai suka yi yawa. Har shugaban Amurka Trump ya fito a watan Satumba na 2025 ya ce masu ciki su rage shan parasitamol saboda wannan ciwon. Ashe su ma sun san akwai lauje cikin naɗi.

Anti Nas, Idi-Araba:

Maman Sadiq sannu, Allah Ya dafa miki. Kafin komai ki sauke wannan kayan da aka ɗora miki a ka, ba fitar magariba ba ce kuma ba girkinki ba ne.

Malam Abu Hanif zancen Trovan gaskiya ne ba mai musa maka, an yi, kuma shi ne ma ya taimaka aka ƙi allurar shan inna a Kano a 2003 har ciwon ya koma ƙasashen da suka riga suka rabu da shi. Amma Trovan maganin da ake gwadawa ne a kan yara marasa lafiya, ba rigakafi ba ne, kar mu haɗa su a kwando ɗaya. Shi zancen allura da autism yana da ranar haihuwa kuma an san ubansa. Wani likita ne ɗan Ingila, Andrew Wakefield, a 1998 ya buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet a kan yara 12, goma sha biyu fa, ko aji ɗaya na Islamiyya ba su cika ba, ya ce allurar MMR wadda ta haɗa ƙyanda da hangum da rubella, wani ciwo mai kama da ƙyanda, tana da alaƙa da abin. Iyaye suka tsorata suka daina kai yara, ƙyanda ta dawo Ingila. Daga baya wani ɗan jarida Brian Deer ya bi diddigi ya tono cewa an biya mutumin nan sama da fam 400,000 ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin allurar kotu, kuma abin da ya rubuta a kan yaran bai yi daidai da abin da ke cikin fayil ɗinsu na asibiti ba. Har jinin yara ya ɗiba a wajen bikin zagayowar haihuwar ɗansa yana ba kowa fam biyar. A 2010 Lancet ta janye rahoton, hukumar likitocin Ingila ta ƙwace lasisinsa. Wannan bidiyon da ke yawo a WhatsApp in kin bi salsalarsa jikan wancan rahoton ne.

Kuma ba a bar zancen haka ba an bi shi da bincike na gaske. A Denmak an bi yara sama da 650,000, sakamakon ya fito a 2019, waɗanda aka yi wa allurar ba su fi waɗanda ba a yi wa samun autism ba, har da yaran da suke da yaya ko ƙane mai shi, wanda shi ne daidai halin da jaririyarki take ciki. Japan kuma ta daina MMR ɗin gaba ɗaya a 1993, da ita ce ai sai adadin ya sauka, amma a birnin Yokohama da aka ƙirga sai ma ƙaruwa ya ci gaba da yi. Wani abin ma, ita MMR ɗin da ake ta faɗa a kanta ba ita aka yi shekaru ana yi wa yaranmu a asibitin gwamnati ba, ta ƙyanda zalla aka riƙa yi a wata tara da wata goma sha biyar.

To me ya sa maigidanki ya ga kamar allurar ce? Ni ban ga laifinsa ba wlh, ido ne ya gani. Tsakanin shekara ɗaya da biyu nan ne ake sa ran yaro ya fara nuni da yatsa, ya haɗa kalmomi, ya kawo miki abu ki gani, to a nan ne alamun suke fitowa fili, kuma akwai kaso mai yawa na yaran nan da suke fara 'yan kalmomi sannan su ɓace kamar yadda kika faɗa, ko an yi allura ko ba a yi ba. A daidai shekarun nan kuma ake yaye, ake fitar da turame, ake allurai, komai yana cunkushe wuri ɗaya, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ita ƙyanda kuwa na ga yaron da ta makantar, na ga wanda ta tafi da shi, kuma a gidan haya irin namu na Legas inda ɗaki goma ke banɗaki ɗaya in ta shigo ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. A lallaɓa shi ya fito da katin nan.

Baban Walid, Alaba Rago:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Nawa yaron shekararsa goma sha ɗaya yanzu, duk majalisar da kika lissafa an yi min ita har da ƙari, akwai wanda ya ce ɗan ruwa ne a kai shi bakin kogi, ban ƙara gaisawa da mutumin ba.

Malam Abu Hanif ka ce a ƙauye babu, bari in ba ka labarin ƙanin kakana. Muna yara a can gida kowa ya san shi, ba ya kallon idon mutum, ba ya zuwa biki, in ana kiɗa sai ya bar gari, tuwo in ba a ƙwaryarsa aka zuba ba ba zai ci ba, amma in shanu ɗari suka shigo da yamma kallo ɗaya zai yi ya ce saniya kaza ba ta dawo ba. Dolo ake ce masa, wasu su ce mutanen ɓoye ne suka taɓa shi. Ranar da likita ya gama yi min bayanin Walid ina cikin danfo a hanyar Ojo sai tsohon nan ya faɗo min a rai, har na wuce inda zan sauka. Akwai su da can, suna ne ba a sa musu ba. Su kansu Turawan sai 1943 wani likita Leo Kanner a Amurka ya rubuta bayanin yara 11 ya ware abin da sunansa, kuma na farko a cikin yaran nan, Donald Triplett, ya girma ya yi aiki a banki yana tuƙa motarsa, sai 2023 ya mutu yana da shekara 89. Ina yawan tuna wannan in zuciyata ta karye.

Kuma Maman Sadiq ki sani ɗora wa uwa laifi ba Hajiyarku ta fara ba. Likitocin Amurka da digirorinsu sun yi shekaru wajen ashirin suna cewa uwa ce ba ta nuna wa yaro ƙauna, har suna suka sa mata wai uwa firji, wani Bruno Bettelheim shi ne ya fi yayata abin, aka raba yara da iyayensu a kan ƙarya. Abin da ya karya zancen shi ne binciken tagwaye, tun 1977 aka fara a Ingila. Aka ga in tagwaye masu kama ɗaya ne, wato na ƙwai ɗaya, in Hassan yana da shi to mafi yawanci Husaini ma yana da shi ko wani ɓangarensa, in kuma ba masu kama ba ne abin ya ragu sosai, alhali uwa ɗaya nono ɗaya gida ɗaya. Wani babban bincike na 2019 da ya haɗa yara miliyan biyu a ƙasashe biyar ya sa rabon gado wajen kashi 80 cikin 100. Amma gadon nan ba irin na sikila ba ne da za a ce AS ya auri AS a gane tun kafin aure, ƙwayoyin halitta sama da 100 aka gano suna da hannu, kowanne da ɗan nasa, wani lokacin ma canjin sabo ne a jikin yaron ba a samu a uwa ko uba ba, kuma irin wannan yana ɗan ƙaruwa in uba ya manyanta. Ni ina da arba'in da bakwai aka haifi Walid, da na faɗa wa dangina haka sai kowa ya yi shiru, tunda da duk a kan matata aka tare.

Sauran abubuwan da aka tabbatar suna ƙara yiwuwarsa kusan duk tun a ciki ne ko wajen haihuwa: bakwaini sosai, wahalar haihuwa da yaro ya rasa iska, ciwon suga ga mai ciki, wani maganin farfaɗiya valproate in an sha da ciki, da kuma rubella in ta kama mai ciki. Kin ga abin dariya, rubella da allurar MMR take karewa ita ce ma a cikin jerin. Maza sun fi mata samun autism wajen ninki huɗu. Kuma tunda kina da ɗaya ki sa ido a kan ƙanwar, wajen ɗaya cikin biyar na ƙanne suna samu, ba don in tsorata ki ba, don in kin ga ba ta waiwayo ko ba ta nuni ki kai ta da wuri.

Kuɗin da na kashe a shekara biyun farko wajen neman wanda ya yi wa ɗana abu, da rubutu da hayaƙi da wani garin magani da aka ce daga waje aka kawo yana wanke ƙwaƙwalwa, ya isa ya sayi raguna goma a lokacin. Abin da ya motsa Walid wata malama ce mai koyar da magana da ta zauna da shi a tabarma da hotuna, hoton kofi hoton banɗaki hoton shinkafa, in yana so ya miƙo. Yana da shekara shida ya ce min Baba. Yanzu yana magana amma irin tasa, kuma duk lambar motar da ta taɓa kawo mana dabbobi daga Arewa tana kansa.

Ummu Aisha, Obalende:

Ni malamar Islamiyya ce, kalma biyu kawai. Ba mai hana ki tofa masa Fatiha da Falaƙi da Nasi, ki yi safe da yamma, Annabi SAW ya yi wa jikokinsa addu'ar tsari. Amma duk malamin da ya ce a ɗaure yaro ko a doke shi ko a turara masa barkono wai aljanin ya fita ki ɗauki ɗanki ki bar wurin, yaron da ƙarar janareta ke sa shi kuka ina zai iya da wannan. Kuma a gaya wa Hajiya cikin ladabi, cewa wance ce ta jawo wa ɗanta abu ba hujja shi ma magana ce da za a tambaye ta. Gara maigidan ya faɗa mata da bakinsa ba ke ba.

Abu Hanif, Mile 12:

Toh Anti Nas na ji na Wakefield ban san wannan ba gsky. Amma ba ki taba zancen parasitamol ba, kuma in ba wani abu ake ba yara ba me ya sa adadin ke ta hawa? Na ga an ce a Amurka yanzu yaro daya cikin 31 ne. Ko duk kanin kakan Baban Walid ne suka dawo

Anti Nas, Idi-Araba:

Hhhh Malam ai kusan hakan ne. Lissafin gaskiya ne, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce 1 cikin 150 a shekarar 2000, a rahoton 2025 kuma 1 cikin 31. Amma ma'aunin ne aka faɗaɗa, da can yaran da abin ya yi wa tsanani aka fi ƙirgawa, yanzu har wanda yake jami'a amma mu'amala da mutane take ba shi wuya yana ciki, a 2013 ma aka haɗe abin da ake kira Asperger, wato irin na masu magana lafiya lau, a cikinsa. Sannan can ana tantance yara a wata 18 da wata 24, kuma yara da yawa da a da za a rubuta musu raunin ƙwaƙwalwa yanzu autism ake rubutawa. Kai da kake Mile 12, in da manyan albasa kawai kake ƙirgawa yau ka ce a haɗa da ƙanana ai buhu zai ƙaru ba tare da an ƙara gona ba. Shi ya sa ma kalmar galahanga ba ta kwanta min, a bakin mutanenmu da mai autism da mai Down syndrome, wata lalura da ake haihuwar yaro da ita, da wanda ya sha wahalar haihuwa jikinsa ya saki duk galahanga ne, alhali kulawar kowanne daban.

Parasitamol kuwa, an ga 'yar alaƙa a wasu binciken, amma tambayar ita ce mai cikin me ya sa ta sha, ai zazzaɓi ne ko ciwo. A Suwidin an duba yara kusan miliyan biyu da rabi, ya fito a 2024, da aka gwada 'yan uwa ciki ɗaya, wannan an sha da cikinsa wannan ba a sha ba, sai bambancin ya ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ma bayan maganar Trump ta fito ta ce babu tabbatacciyar hujja. A garin da sauro ya fi mutane yawa ka ce wa mai ciki ta zauna da zazzaɓi mai zafi kar ta sha komai, wannan shi ne haɗarin da muka sani ido da ido. Ta je awo a duba maleriya a ba ta abin da ya dace.

Maman Sadiq na manta ban taɓa miki waya da yare ba. Yare uku ba ya kawo autism, yaran Agege nawa ne suke zagi da Yarbanci su yi roƙo da Hausa tun ba su kai uku ba, kuma kar wani ya sa ki daina yi masa Hausa. Waya kuma yawanta yana iya jinkirta magana don tana cinye lokacin da za a yi hira da yaro, ki rage sosai, amma ba ita ke sa yaro jera marafe da toshe kunne ba, sau da yawa ma yaron ne da ma mutane ke gajiyar da shi shi ya sa ya manne mata. Ki fara da gwajin ji duk da labarin ledar biskit, don a cire wannan. Asibitocin koyarwa na LUTH a nan Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da ɓangaren yara, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba kuma yana da cibiyar yara a Oshodi, kar sunan Yaba ya firgita maigidan, yara ne zalla a wurin. Ki tambayi mai koyar da magana.

Maman Sadiq, Agege:

Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri, Baban Walid wlh sai da na yi kuka a wajen da ya ce maka Baba. Jiya da daddare na miƙa wa maigidan wayar na ce ya karanta da kansa ban ce komai ba, ya daɗe a kan labarin tsohon nan mai shanu, can sai ya ce wai akwai wani ɗan yayan babansu a Funtuwa haka yake, ban taɓa jin zancensa ba shekara shida da aurenmu. Ya yarda ranar Litinin mu je gwajin ji. Katin kuma ya fito da shi ya ajiye a kan firji amma bai ce a je ba bai ce kar a je ba, saura sati uku ta cika wata taran. Hajiya dai ta ce ita ba ta ga abin da bature zai gaya mata a kan jikanta ba, ta aika a kawo mata wani turare daga gida. Anti Nas zan yi miki magana ta akwati, hotunan nan da ake miƙowa ni zan iya yankowa daga kwalin kaya in fara ko sai malamar ta gan shi tukuna?